Duhun Kusurwar Hagu

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe goma na safe

Sabon littafi, tsohon ya cika. Maigidana da ya koya min gyaran kwamfuta, Allah ya jiƙansa, doka ɗaya ya bar min: ka canza abu ɗaya tak, ka duba, ka rubuta, sannan ka taɓa na gaba. Shekara goma sha tara ina bin ta. Shi ya sa matata, Malama, take cewa littattafan shagona sun fi kayan gyaran yawa.

Aikin farko: allon wasan kwamfuta, inci ashirin da bakwai. Mai shi wani saurayi ne, kowa a layinmu Dogo yake ce masa. Yana da gasar tseren mota ta kwamfuta ranar Asabar, ashirin da biyu ga wata, ga shi hoto yana masa tsalle-tsalle. An ƙera allon ya riƙa sabunta hoto sau ɗari da arba'in da huɗu a sakan ɗaya, amma ya maƙale a sittin.

Ko saiti ban buɗe ba. Na kama maus na zagaya kibiya sau biyu, na ce masa a sittin yake. Ya ce, "Injiniya, ya aka yi ka gane?" Na ce ido ne, ba a sayar da shi a kasuwa. Laifin waya ne. Tsohuwar wayar talabijin ya jona, ita kuwa ba ta ɗaukar wannan gudun. Na sa masa wadda ta dace, na shiga saiti na zaɓi ɗari da arba'in da huɗu. Kibiya ta koma tafiya sumul.

Aikin minti goma ne. Sai dai da na buɗe farin shafi, na ga kusurwar sama ta hagu ta ɗan yi duhu, kamar an shafa mata toka. Na ce ya bar shi ya kwana.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Dogo ya zo ɗauka. Na zaunar da shi a kujerata, na nuna masa kusurwar. Ya matsa kusa, ya ja baya, ya karkata kai.

"Injiniya, ni fa ban ga komai ba. Fari ne tas."

"Ai da kana gani, da ba ka kawo min ba."

Ya yi dariya. Yaran yanzu sun ƙona idanunsu da waya, ko gini ne ya faɗo a gabansu sai an nuna musu. Na ce masa abu ba ya fita daga shagona da lahani, ya ƙara min kwana biyu.

Abin da na canza: tsarin tsimin wuta a kunne yake, na kashe. Haske daga sittin zuwa tamanin. Kusurwa tana nan.

Laraba, 5 ga wata, tsakar rana

Haske a ɗari. Tana nan.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Yau na bi su ɗaya bayan ɗaya. Akwai tsarin da ke rage inuwar abu mai gudu, shi yana cin haske sosai, na kashe. Akwai wanda ke ƙara haske yana ragewa da kansa gwargwadon hoto, na kashe. Na duba hasken nan mai ruwan ɗorawa da ake kunna wa masu karatu, dama a kashe yake. Na sauke manhajar katin hoto na sa sabuwa. Duk wanda na taɓa sai na buɗe farin shafi na rubuta. Sau huɗu na rubuta kalma biyu: tana nan.

A gida na ture kofin shayi da gwiwar hannu. Ban ga an ajiye shi ba. Malama ta goge tebur, ta matse tsumman ta ce, "Baban yara, na uku ke nan a watan nan. Kuma duka ta hagu."

Na ce ta daina ajiye min kofi a bakin tebur.

Ta kalli ƙofar firji. Akwai wani kati da ta manna a can shekara huɗu ke nan, har ya fara dafewa. Ba zan rubuta zancensa a nan ba, wannan littafin gyara ne.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na shiga gaida Baba, mahaifina. Yana zaune a bakin gadonsa, rediyo a cinya. Tun kafin in yi sallama ya ce, "Takunka ya yi nauyi. Wane aiki ne ya ƙi ka?"

Shekara talatin ya yi yana gyaran agogo. Har yanzu in ka sa masa agogo a kunne zai gaya maka ko yana gudu ko yana ja da baya. Shekara huɗu ke nan rabonsa da ganin fuskar agogo, ko tawa.

Na ba shi labarin allon. Na yi masa bayanin fitilun da ke bayan gilashi, yadda in layi ɗaya ya gaji sai gefensa ya dushe. Ya saurara har ƙarshe, yana murza maɓallin rediyo ba tare da ya kunna ba.

"Mai kayan ya ga duhun?"

"Yaro ne, Baba. Me ya sani?"

"To," ya ce. 

Na tsani wannan "to" ɗin nasa. Tun ina ƙarami na tsane shi.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe sha ɗaya

Na kwance allon. Na sa mita na auna wutar da ke zuwa fitilun baya, daidai take a kowane layi. Na duba kafasitoci, ƙananan ma'ajiyan wutar nan, babu wanda ya kumbura. Duk da haka na cire huɗu na sa sababbi. Wajen narkar da dalma sai da na jawo fitilar tebur har tana ƙona min goshi. Ita ma fitilar ta tsufa, zan canza mata ƙwai.

Na ɗaure na kunna. Tana nan. In ban yi ƙarya ba, ta ma ƙara faɗi.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe uku

Kibiya ta ɓace min sau biyu. In ta shiga kusurwar sai in neme ta in rasa, sai na jawo ta tsakiya. Gudun hoto yana nan a ɗari da arba'in da huɗu, na duba.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na ɗauki hoton farin shafin da waya na tura wa mai sayar da kayan gyara, don ya nemo min layin fitilu. Ya kira ni.

"Injiniya, wace kusurwar? Ni hoton nan fari fat nake gani."

Na ce kyamarar waya tana gyara haske da kanta, wannan kowa ya sani. Ya ce to, zai aiko gobe. Kowa ya koyi cewa "to" a makon nan.

Dogo ya leƙo. Ya ce yana atisaye a ƙaramin allon ƙanwarsa, motarsa sai cin karo take da katanga. Na ce ya yi haƙuri, Juma'a.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe biyu

Raina a ɓace yake. Matar nan mai shagon buga takardu ta dawo da allon da na gyara mata watan jiya. Wai tun da na taɓa shi kanta yake ciwo, in ta tashi aiki idonta har ruwa yake. A gaban mutane ta ce, "Injiniya, wannan ai ba allo ba ne, wutar walda ce. Waye yake aiki a haske ɗari?"

Na duba. A ɗari yake. Ni na sa shi, rubutuna yana cikin tsohon littafi: haske ya yi ƙasa, na ƙara.

Na koma baya a littafin. Allo bakwai na gyara cikin wata uku. Shida na rubuta musu haka.

Kayan yanzu ba su da ƙarko, shi ke nan.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na ƙuje gwiwa a bakin titi. Mai babur ne da laifi, daga sama ya faɗo. Mutane sun ce ya yi hon, sun ce tun daga nesa yake tahowa a hankali. Mutane sai baki.

Na canza wando a shago. Malama ba za ta ji ba.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Layin fitilu ya iso. Na ɗaga gilashin a hankali. Na cire tsofaffin na sa sababbi, na mayar da komai. Kafin in kunna sai da na yi addu'a. Ban taɓa yi wa allo addu'a ba.

Tana nan.

Dogo ya zo, na ce masa Litinin. Bai yi dariya ba wannan karon.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe goma

Bari in jera, kamar yadda aka koya min. Waya, na canza. Kafar jona waya, na gwada duka uku. Kwamfuta, na jona tawa. Manhaja, sabuwa. Kafasitoci, sababbi. Fitilu, sababbi. Soket ɗin bango, na koma wani. Har labule na sa a taga, ko hasken waje ne.

Maigidana yakan ce, in ka canza komai lahani bai tafi ba, to yana jikin abin da ba ka canza ba.

Saura gwaji ɗaya. Shi ne mafi sauƙi, ko sukundireba ba ya buƙata. Ba yau ba, na gaji.

Lahadi, 16 ga wata, da hantsi

Malama ta ga wandon. Na cusa shi a ƙarƙashin kayan wanki, ita kuwa ita ke wanki. Ta shigo da shi a hannu, ta zura yatsa ta hudar gwiwar.

"Ta wane gefe ya zo?"

Na kau da kai.

"Baban yara, magana nake maka. Ta wane gefe?"

Na ce kar ta ɗaga min murya, Baba zai ji. Ta ce ai gara ya ji. Ta ce ranar da likita ya sallami Baba, a gabanta ya ce abin yana bin jini, 'ya'yansa su riƙa zuwa awo duk shekara. Ta ce yayata ta je, ƙanena ya je, ni kaɗai ne nake da allon da ya fi idona muhimmanci. Na ce mata ni da ido nake cin abinci, in da wani abu ni zan fara sani. Ta ce, "Haka Baba ya ce."

Na fita na bar ta tana kuka. Na zo shago ranar hutu na zauna. Ban kunna komai ba.

Tsoro nake ji. Na rubuta, shi ke nan.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe biyar

Dogo ya zo da abokinsa, wai su ɗauka ko a yaya yake. Ya ce, "Injiniya, ina ganin girmanka, amma saura kwana biyar. Matsalar da na kawo tun ranar farko ka gyara ta. Wannan ɗayar kai kaɗai kake ganinta."

Na ce gobe da yamma. Ya ce gobe da yamma kuwa, ko da gilashin a hannu zai tafi da shi. Yana da gaskiya. Haushinsa nake ji don yana da gaskiya.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ina zaune sai na ji ƙarar sanda a bakin ƙofa. Malama ce riƙe da hannun Baba. Ta ɗauki izini a makaranta ta kawo shi. Rabon Baba da shagon nan tun yana gani.

Na miƙe da sauri na ba shi kujera. Ya ce a kai hannunsa kan allon. Ya shafa gefe-gefensa, ya shafa ƙafarsa, har ya gano sukurorin baya.

"Ina duhun yake?"

Na kama yatsansa na ɗora a kusurwar.

"Mu a aikin agogo," ya ce, "in agogo yana wasa da lokaci, ba ma saurin buɗe shi. Kifa shi muke, mu kwantar da shi ta gefe, mu ga ko lahanin zai bi shi. Ku ba ku da irin wannan?"

"Muna da shi, Baba."

"Ka yi?"

 Malama ta juya tana kallon titi.

Ya jingina sandarsa da tebur. "Ƙwan fitila goma sha ɗaya na canza a shagona. Kai kake hawa kujera kana ɗaura min, ka tuna? Kowanne na ce na jabu ne. Har faɗa na yi da mai sayarwa, mutumin kirki, ya rasu ban ba shi haƙuri ba. Shekara uku ina zagin fitila. Da na je asibiti a ƙwai na biyu, da yau ina ganin fuskarka." Ya nemo hannuna ya riƙe. "Juya shi, ɗan nan. Ina nan zaune."

Na kwance sukurori huɗu. Na ɗaga allon na juya shi, sama ta koma ƙasa. In lahanin a gilashi yake, duhun zai bi shi ya koma kusurwar ƙasa ta dama. Wannan gwajin ni nake koya wa mutane.

Na kunna. Na buɗe farin shafi.

Talata, ƙarfe ɗaya

Sama ta hagu. Bai motsa ba.

Na rufe idon dama da tafin hannu, rabin shagon ya tafi, har da Malama.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Katin asibitin ido na kan firji ya yi aiki, lambar tana nan duk da ya dafe.

A asibitin sun sa na ɗora haɓa a wata na'ura kamar ƙwarya, suka ba ni maɓalli a hannu. In na ga ɗigon haske ya ƙyalla, in danna. Wasa ne, irin na su Dogo, sai dai babu mota. Da idon dama na yi ta dannawa. Da na hagu sai na ji na'urar tana ƙara, ni kuma ina zaune ina jiran haske. Na danna sau biyu a kan ƙarya. Ma'aikaciyar ta ce, "Malam, kar ka yi canke, na'urar tana ganewa."

Likita ta ɗora takardar a gabana. Da'ira biyu. Ta dama fara ce, da ɗan toka a baki. Ta hagu kuwa, ga abina nan baƙi ƙirin a sama. Siffarsa ɗaya da wanda na yi kwana goma sha biyar ina nema a cikin allon mutane.

Na tambaye ta me za a canza. Haka na ce, da bakina. Ta ce babu abin da ake canzawa. Abin da ya tafi ya tafi. Abin da ya rage za a yi ƙoƙarin riƙe shi da maganin ɗigawa, safe da yamma, har iyakar rayuwa. Ta tambayi yaushe na fara lura. Na ce mako biyu. Malama ta ce shekara ɗaya da rabi. Likita ta rubuta na Malama.

A hanyar gida Malama ta koma gefen haguna tana tafiya.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe huɗu

Ranar Talata Malama ce ta roƙi Dogo ya ƙara kwana uku, ban san me ta gaya masa ba. Yau ya zo shi kaɗai, ya gaishe ni a hankali kamar mai zuwa dubiya.

Na ba shi haƙuri. Na ce allonsa lafiyarsa ƙalau tun ranar farko, ni na cinye masa kwanakin atisaye. Ya ce ba komai. Da komai, mu biyun mun sani.

Na zaunar da shi a kujerata. Na ce zan riƙa rage haske, in ya kai inda ya yi masa daidai ya ce in tsaya. Na fara daga ɗari. Casa'in. Tamanin. A saba'in na fara ganin allon yana dushewa, na dube shi, bai ce in tsaya ba. Sittin. Hamsin.

"Nan, Injiniya. Nan ya yi."

A arba'in ya tsayar da ni. Na rubuta lambar, da ƙyar na karanta ta.

Gudun hoto ɗari da arba'in da huɗu. Wannan karon ban zagaya kibiya ba, saiti na buɗe na ce ya karanta min.

Asabar, 22 ga wata, da yamma

Dogo na biyar ya zo a gasar, in ji saƙonsa. Ban san ko da allonsa ya kwana a gida da ya fi haka ba.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na tsaya gaban madubin falo da kwalbar magani. Ɗigo uku na zubar, ɗaya a kumatu, biyu a gira. Ina tsaki Baba ya kira ni daga ɗaki.

"Kawo nan. Zauna."

Na zauna a ƙasa, kusa da ƙafarsa. Ya shafo fuskata da hannu biyu. Hannunsa har yanzu ba ya rawa ko kaɗan. Ya ɗaga min haɓa, ya ja fatar ƙasan ido da babban yatsa, ya kafa bayan hannunsa a kan karan hancina, ya matsa kwalbar. Ɗigo ɗaya, a inda ya dace. Ya danne gefen idon kusa da hanci, ya ce in ƙirga sittin.

"Ka ji inda na kafa hannu? Kullum nan. Hanci ba ya matsawa. Yi na dama da kanka."

Na karɓi kwalbar na yunƙura zan koma falo. Ya riƙe min kafaɗa.

"Ina za ka?"

"Wajen madubi, Baba."

"Zauna. Ba da madubi za ka koya ba."

Na ce likita ta ce in na kiyaye, na dama zai iya kai ni ƙarshe. Ya ce Allah ya sa, shi ma addu'arsa ke nan dare da rana. Amma bai saki kafaɗata ba.

Na zauna. Na kafa hannu a kan hanci. Na farko ya zuba a kumatu, ya ji da yatsa ya goge min. Na biyu ya shiga.

Abin da na canza yau: babu.